Faɗin kwalta da nauyin buhu

Aikina haɗa lodi ne. Kawuna yana da mangaza a nan Maraɗi, aya da wake da riɗi muke tarawa daga kasuwannin ƙauye. Ni ke riƙe littafi, ni ke neman mota, ni ke cinikin kuɗin dako da direba, kuma wayata ce ke ƙara da tsakar dare idan mota ta lalace a hanya. Shi ya sa duk lokacin da aka tayar da maganar faɗaɗa hanya, a rediyo ko a majalisar bakin kasuwa, nakan kasa kunne fiye da yadda nake yi wa kowace magana ta gwamnati. Ina son a faɗaɗa. Na fara da faɗin haka ne don kada wani ya karanta abin da ke tafe ya ɗauka ina cikin masu ƙin aikin. Sai dai akwai abin da nake ganin ana tsallakewa, kuma da mu ƴan kasuwa da hukuma kowa da hannunsa a ciki.

Hanya biyu ce ke riƙe da garin nan. Akwai babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Doso da Dogon Dutsi da Ƙwanni da Galmi da Madawa da Gidan Rumji da Tsibiri, ta gifta ta arewacin Maraɗi, ta miƙe gabas ta Cadawa da Agye da Gazawa da Tasawa har Damagaram da Difa. Daga Yamai zuwa nan kimanin kilomita 660 ne, daga nan zuwa Damagaram kuma wajen 240. Sai ta biyu, gajeriya, wadda ta fita kudu ta Jiratawa zuwa Ɗan Isa, ta tsallaka iyaka ta faɗa Magamar Jibiya, ta wuce Katsina da Kano. Rabonmu a cikinta kamar kilomita 50 ne kawai. Katsina ba ta kai kilomita 100 daga ƙofar mangazarmu ba, Kano kuma ba ta kai 300 ba, wato ko rabin tafiyar Yamai ba ta yi ba. Wannan ɗan guntun yana cikin taswirar manyan hanyoyin Afirka: hanyar Dakar zuwa Njamena, mai tsawon kusan kilomita 4,500, a nan take rabuwa da hanya mai lamba 1 ta karkata kudu, ta bi Kano da Maiduguri. Amma hannu ɗaya ne zuwa, ɗaya dawowa, kuma da tirela da amalanken shanu da kabu-kabu da yaran makaranta duk a kansa suke.

Maraɗi ba ta da teku, ba ta da kogin da jirgi ke bi, har yanzu kuma ba ta da dogo. Ƙafa ce ta mai da ita cibiyar kasuwancin Nijar, daga baya taya. Katsinawan da suka kafa garin bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19, sun daɗe suna yaƙi da sabbin sarakunan Katsina, amma jini da harshe da ciniki ba su rabu ba. Da jirgin ƙasa ya fara aiki a Kano a 1912, gyaɗar ƙasar nan can ta nufa, a bayan raƙuma da jakuna kafin motoci su yawaita. A shekarun 1950 Faransawa suka yi ƙoƙarin juya ta zuwa Paraku da Kwatano, a ƙasar Benin ta yau, don kada ta dogara da ƙasar Ingilishi, bayan ƴancin kai kuma aka kafa kamfanin SONARA a 1962 ya riƙe cinikinta. Farin shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan kasuwa, amma alhazan garin ba su naɗe hannu ba, suka koma shigo da kaya daga tashoshin teku suna tura su kudu. Kakana na wajen uwa da gyaɗa ya fara. Kawu da aya ya tashi.

Yau abin da ke gangarawa kudu aya ce, wadda jihar Maraɗi ta fi kowace jiha a Nijar nomawa, da wake da riɗi da dabbobi a tsaye, da fatar jar akuyar nan da ta kai sunan garin nesa. Mafi yawan buhunanmu a Dawanau suke sauka, babbar kasuwar hatsi ta Kano. Abin da ke hawowa kuma masara ce da dawa a shekarar da damina ta gaza mana, da taki da kayan gini da kayan roba da na masarufi. A kan hanya mai lamba 1 kuwa ga albasar Galmi, ga simintin Malbaza, ga tankokin mai daga matatar Damagaram tun da ta fara aiki a 2011, ga kuma kayan da suka taso daga bakin teku za su gabas. Ƙidayar 2012 ta ba jihar nan mutum miliyan 3 da dubu 400, birnin kuma fiye da dubu 260, kuma duk wanda ya ga yadda unguwanni suka cinye gonakin bayan gari ya san an wuce nan nesa. Bikin Maraɗi Kwalliya na 2015 ya kawo wa cikin gari tituna, mun gode, amma mutane da motoci sun fi kwalta saurin ƙaruwa.

Wanda ke zuwa Kano ya ga abin da tagwayen hanya ke yi. Tun 2013 aka ba da kwangilar raba hanyar Kano zuwa Katsina gida biyu, kashi na farko kimanin kilomita 74 daga shataletalen Dawanau zuwa iyakar jihar Katsina, daga baya aka ba da sauran. Aikin ya ja shekaru, amma inda aka gama, tafiyar daban ce. Ba gudun ne ya fi burge ni ba. Haɗarin da na fi gani a hanyoyinmu na wuce mota ne. Ƙaramar mota ta gaji da bin bayan tirela mai jan ciki, direba ya leƙa sau ɗaya sau biyu, ya fita hannun da ba nasa ba, sai ga wata gaba da gaba. Idan aka raba masu zuwa da masu dawowa, aka sa dakali a tsakaninsu, irin wannan mutuwar tana raguwa ƙwarai. Ko don wannan kaɗai aikin ya ci kuɗinsa, kuma duk wanda ya taɓa zuwa wani gari karɓar gawar ɗan'uwansa ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Ba ina cewa a mayar da duk tsawon hanyar Yamai tagwaye ba. Kuɗin ba su nan, kuma a wurare da yawa motocin ma ba su kai yawan da zai wajabta haka ba. Inda nake ganin ya zama dole shi ne daga gari zuwa Ɗan Isa, da mashiga da mafitar gari tsakanin Tsibiri da Cadawa, da hanyar da za ta raba manyan motoci da cunkoson unguwanni gaba ɗaya, da fili na gaske inda za su kwana, mai ruwa da makewayi da mai gadi. A sauran wurare gefe muke buƙata. Tirela faɗinta mita biyu da rabi ne. Idan biyu suka haɗu a kwalta mai mita 6 ko 7, kowace sai ta ɗora tayarta ta waje a bakin kwaltar, bakin ya riƙa gutsurewa, hanyar tana ƙara tsukewa shekara bayan shekara. Gefe mai mita ɗaya da rabi, wanda aka danne aka shafe, yana kare bakin, yana ba amalanke da keke wurin bi ranar kasuwa, yana kuma ba motar da ta lalace wurin raɓewa. Yanzu in ta lalace a tsakiyar hanya take kwana, karen mota ya yanko rassan itace ya jera a baya, shi ke nan alamar da mai tahowa cikin dare zai gani, in ya gani.

To amma bayan faɗi akwai kauri, kuma a nan ne maganar ta dawo ƙofar mangazarmu. Baƙin abin da muke gani a sama shi ne mafi ƙanƙanta a aikin. A ƙarƙashinsa akwai ƙasar wurin da aka share aka danne, sai jar ƙasa mai tsakuwa da ake zubawa hawa-hawa, ana yayyafa ruwa ana bi da injin dannewa, a babbar hanya kuma a ɗora niƙaƙƙen dutse. Kwaltar kanta ko dai a fesa ta sau biyu ana watsa mata tsakuwa, ita ce mai araha, ko a dafa ta tare da tsakuwar a shimfiɗa da kaurin ƴan santimita, ita ce mai tsada mai ƙarko. Duk wadda ta taɓa daɓen ɗaki ta san zancen: in ba a buga ƙasan ya zauna ba, kome yawan makubar da aka shafa a sama sai ya tsage. Injiniya kuma ba da ka yake zaɓar kaurin ba. Yana lissafa yawan manyan motocin da za su bi cikin shekara 15 ko 20, da nauyin da kowace ƙafar mota, wato kowane layin tayu, za ta sauke a ƙasa.

Tsakanin 1958 da 1960 an yi wani gwaji a jihar Ilinoi ta Amurka. Aka gina hanyoyi masu kauri daban-daban, aka sa motoci masu nauyi daban-daban suna zagaya su ba hutu har suka lalace, ana aunawa. Abin da ya fito daga nan har yau da shi injiniyoyi ke aiki: ɓarna ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyi, gaba take yi ta bar shi. In ka ninka nauyin ƙafa sau biyu, ɓarnar kusan sau 16 take ninkuwa. Ƙafar da aka ƙayyade wa tan 12, in ka ɗora mata 18, ita kaɗai ta yi ɓarnar ƙafa biyar. Ke nan hanyar da aka gina don shekara 20, in duk motocin da ke binta haka suke, cikin shekara huɗu ta gama aikinta. Ƙananan motoci da babura kusan ba sa cikin lissafin, dubbansu ba su kai tirela ɗaya ba. Ka lura da inda kwalta ta lotsa ta yi dogayen kwaruruka biyu daidai sawun taya, ka ga a wane hannu ne: hannun da motoci ke bi da kaya ne. Zafin Afrilu da Mayu yana tausasa kwaltar, gaskiya ne, amma buhu ne ke lotsa ta.

Doka kuwa tana nan. Tun 2005 ƙungiyar UEMOA, ta ƙasashen Afirka ta Yamma masu kashe sefa, ta fitar da ƙa'ida mai lamba 14. Ƙafar baya mai tayu bibbiyu kada ta wuce tan 12, tirela mai ƙafa shida kada ta wuce tan 51 da ita da kayanta, wuraren da ke fitar da kaya fiye da tan dubu 200 a shekara kuma, tashar teku ce ko masana'anta, su mallaki sikeli su auna mota kafin ta fita ƙofa. An sha ɗage ranar fara aiki da ita baki ɗaya, saboda masu motoci da ƴan kasuwa a ƙasashe da dama sun ce ba za su iya ba. Masu rubutu daga ofis sukan ce haɗama ce. Akwai haɗama, ban musa ba. Amma ni da nake tsaye ana jifar buhu cikin mota na san ba ita kaɗai ba ce.

Akwai wani dattijon direba da ke ɗaukar wa Kawu kaya tun ina ƙarami. Wata rana na ce masa, "Baba, me ya sa ba ka son mota ta tashi sai an ƙara mata buhu a kan ƙa'ida? Kai ne fa za ka sha wuyar birki." Ya ce, "Ɗana, ni na fi kowa sanin motar nan kuka take. Ni ke kwance ƙarƙashinta in sifirin ya karye, ni ke riƙe sitiyari in taya ta fashe, ran da ke ciki kuma nawa ne da na yaron nan. Amma lissafa mani. Ko buhu 300 na ɗauka ko 450, shingen da zan tsaya ɗaya ne. Kwanan da zan yi bakin iyaka ina jiran takarda ɗaya ne. Abincina da na yaro ɗaya ne. Mai mota kuma wata-wata yake biyan bashinta, ba ruwan banki da inda na kwana. In zan yi sawu huɗu a wata, ba ni 300 in yi maka godiya. In sawu biyu zan yi, to buhun ne zai biya kwanakin."

Tun daga nan nake ganin lodin wuce kima da tsayuwar banza ciwo ɗaya ne. Tafiyar Maraɗi zuwa Kano, da a ce taya tana juyawa ba tsayawa, wuni ɗaya ya ishe ta har da saura. Abin da ke mai da ita ta kwanaki jira ne: layi, buɗe tamfol a duba a sake ɗaurewa, takardar da aka cike a wannan gefe a sake cike irinta a wancan, a iso an tashi daga aiki sai gobe, ga shingaye a ɓangarorin biyu, kowanne da nasa minti goma da nasa goro. Ƙari kuma mota takan je cike ta dawo wayam, ko ta kwana biyu tana neman kayan dawowa, kuma wanda ya yi lodin zuwa shi ke biyan wannan ba tare da an faɗa masa ba. Faɗaɗa kwalta zai iya rage wa direba awa ɗaya ko biyu. Gyaran takarda da shinge kwana yake ragewa. In aka yi na farko aka bar na biyu, direba zai iso bakin iyaka da wuri ya shiga layin nan dai, lissafinsa bai sauya ba, buhu 450 ɗin ma ba za su sauya ba, sabuwar kwaltar kuma za ta lotsa kafin a gama biyan bashin da aka ciwo aka yi ta.

Abin da nake so ciniki ne a fili: hukuma ta ba mu lokaci, mu kuma mu sauke nauyi. Ta nata ɓangaren, a duba mota sau ɗaya, ma'aikatan ƙasashen biyu a wuri ɗaya, a buga mata hatimi, kada a sake kwance ta sai inda za ta sauke. Ta namu ɓangaren, mu yarda da sikeli. Sai dai sikelin yana da sharuɗɗa, in ba haka ba wani shingen ne aka ƙara. Ya auna kowa, motar babban alhaji da ta mai buhu hamsin da ya yi karo-karo da ƴan'uwansa. A auna a inda aka yi lodi, ba bayan mota ta riga ta taka kilomita ɗari ba. Kuma hukuncin ya zama sauke rarar kayan a nan take. Tara ita kaɗai ba ta hana kome, don ɗan kasuwa zai sa ta cikin kuɗin buhu kamar yadda yake sa kuɗin ƴan dako, ya wuce abinsa, hanya kuma ta ci gaba da mutuwa da rasit a hannu.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin injiniya da direba duka. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. A Disamban 2020 aka buɗe huɗu, har da Illela da Maigatari, amma Jibiya, wadda ita ce ƙofarmu, sai Afrilun 2022. Ba a daɗe ba aka yi sauyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin ECOWAS ya biyo baya, aka sake rufewa har Maris ɗin 2024. A waɗannan lokutan kaya ba su daina tsallakawa ba, sai dai sun bar kwalta sun shiga daji, buhu bibbiyu a bayan babur, kowane buhu yana biyan hannu uku ko huɗu kafin ya isa. Ƴan dako suka zauna ba aiki, manomin aya ya sayar da arha, mai sayen masara ya saya da tsada. Ta yamma kuma, da ƙofar Gaya, ta iyakarmu da Benin, ta kasance a rufe, kayan teku suka koma biyowa daga Lome ta Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja, mu kuma a nan mu ne kusan ƙarshen layi. Ga matsalar ƴan bindiga a yankin Madarumfa da Jibiya, wadda ta hana tafiyar dare, ta tara duk motoci a ƴan awowin rana. Duk wanda zai zuba biliyoyi a wannan hanya ya kamata ya fara samun alkawari daga ƙasashen biyu cewa saɓanin manya ba zai riƙa sauka a kan buhun talaka ba.

Sai ruwa. Mu Maraɗawa bai kamata a koya mana wannan ba, don ambaliyar gulbi ta 1945 ce ta tashi tsohon gari daga fadama ta hau da shi tudu. A daminar 2024 mun sake gani: ruwan ƙarshen Agusta ya rushe gidaje ya ci rayuka a cikin birnin nan, a kusa da Yamai kuma ya yanke babbar hanya, manyan motoci suka yi cirko-cirko. Ƙasarmu yashi ce, ruwanmu kuma ba yayyafi yake yi ba, sauka yake gaba ɗaya cikin awa guda. In kwalbati ta yi ƙanƙanta, ko ta cika da yashi da leda, ruwan zai haye kwalta ya ci gindinta ta ɗaya gefen, ko ya kwanta ya jiƙa jar ƙasar da ke ƙasa, tirela ta zo ta ƙarasa. Hanya mai faɗi ninki biyu ruwan da take tarawa ma ninki biyu ne, kuma dole a san inda za a kai shi, don kada a kuɓutar da kwalta a zuba wa unguwar talakawa. Kuɗin da ake karɓa a shingen biyan kuɗin hanya don irin wannan aka yi su. Yashe kwalbati a watan Mayu da toshe ƙaramin rami kafin ruwan farko aiki ne da ba a yanka masa kyalle, amma shi ke sa hanya ta kai shekarunta.

Mutanen bakin hanya su ma suna raina. Faɗaɗawa tana cin gona da shago da katanga, kuma diyya in ba a biya ta kafin katafila ta iso ba, mai gona ba shi da sauran ƙarfin magana. Lambunan Jiratawa da zogalensu ba filin banza ba ne. Tagwayen hanya kuma tana raba gari biyu, rijiya a can, makaranta a nan. In wurin juyawa ya yi nisa, mai babur zai bi hannun da ba nasa ba, haɗarin da aka kora ya dawo ta wata ƙofar. Burtalin da makiyaya ke bi shekara da shekaru yana buƙatar mashigi da aka tsara masa, ba a bar Bafulatani da garke a tsakiyar motoci masu gudu ba. Matan da ke sayar da ƙosai da fura da dafaffen ƙwai inda motoci ke tsayawa kuwa, in aka ɗauke tsayuwar an ɗauke abincin gidansu, saboda haka sabon filin manyan motoci ya zo da rumfunansu tun a zane.

Na san wasu za su ce ai dogo na tafe. Yana tafe, kuma ina murna. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, kimanin kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, a hannun kamfanin Mota-Engil. Siminti da taki da hatsi wurinsu ke nan, don ƙarfe ya fi kwalta jure nauyi nesa ba kusa ba. Amma jirgin a Maraɗi zai tsaya. Duk abin da ya sauke, in za shi Damagaram ko Tawa ko Agadas ko Dakwaro, mota ce za ta ɗauka, duk abin da zai ɗauka kuma mota ce za ta kawo masa daga Mayahi da Tasawa da Gazawa. Guntun Ɗan Isa zai iya samun sauƙi, amma hanya mai lamba 1 da titunan da ke kai wa tashar nauyinsu ƙaruwa zai yi. Gara a gina su da kaurin da ya dace yanzu, a kuma sa sikeli a ƙofar tashar tun ranar farko, kafin a saba da akasin haka.

Kawu bai yarda da ni duka ba. Da na kawo masa maganar sai ya ce, "Yaro, in ni na ɗora 300, maƙwabcina ya ɗora 450, wa zai fi arha a Dawanau? Kana so in gyara hanyar gwamnati da jarina?" Na ce, "Kawu, ba kai kaɗai ba, kowa da kowa rana ɗaya." Ya ce ranar da ya ga sikeli ya tsayar da motar wanda ya fi shi, shi zai fara sauke buhu da hannunsa. Yana da gaskiya, ɗan kasuwa ɗaya ba zai iya farawa shi kaɗai ba, kuma ba za mu iya zuwa gaban hukuma da "an ce" da "mun gaji" kawai ba.

Don haka daga kakar bana na ƙara shafi a littafina. Kowace motar da ta tashi daga mangazarmu ina rubuta buhu nawa ta ɗauka, ƙarfe nawa ta tashi, ina da ina ta tsaya, awa nawa ta yi a kowane wuri, yaushe ta sauke, da kaya ta dawo ko wayam. Direbobi na kira na suna faɗa mani, wasu ma sun fi ni ɗoki. In aya ta gama fita zan haɗa shi in kai taron ƙungiyarmu ta ƴan kasuwar hatsi. Masu haɗa lodi na Tasawa da Madawa da Ƙwanni da Damagaram, ina roƙon ku ku buɗe irin wannan shafi, mu haɗa su wuri ɗaya kafin damina.